Natalie da Ƙafarta Guda

Ya ku ɗalibai, yawancinmu malamanku a rafi muka koyi iyo muna yara, kuma mun san cewa wanda ƙafarsa ta riƙe a tsakiyar ruwa ya shiga uku. Shi ya sa labarin Natalie du Toit ya tsaya mana a rai, har muka ga ya kamata mu ba ku shi a mujallar bana.

An haifi Natalie a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 1984. Tana da shekara 14 ta wakilci ƙasarta a wasannin ƙasashe renon Ingila a Kuala Lumpur, a 1998. A watan Fabrairu na 2001, ta taso daga koyon iyo za ta makaranta a kan ɗan babur, sai mota ta buge ta. Likitoci suka yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa. Bayan wata uku kacal ta koma ruwa, tun ba ta iya tafiya sosai ba.

Ku lura, ba a shiga gasar iyo da ƙafar roba. Mai ƙafa ɗaya kuwa jikinsa karkacewa yake yi a ruwa, sai ya koyi daidaita shi da ƙarfin hannu da kafaɗa. Saboda haka Natalie ta mai da hankali ga iyo mai dogon zango, inda aikin hannu da juriya suka fi bugun ƙafa amfani. Abin da ya rage mata, shi ta duba.

A 2002, a Manchester, ta ci zinariya 2 a gasar naƙasassu, kuma ta kai zagayen ƙarshe na mita 800 tare da masu ƙafa biyu. A 2003, a nan Abuja, wajen wasannin Afirka, ta ci zinariya a mita 800 ɗin, ta bar masu ƙafa biyu a baya. Gurbin Olamfik na 2004 ya kuɓuce mata, amma ba ta ajiye ba. A 2008 ta zo ta 4 a gasar duniya ta iyon kilomita 10 a Sabil ta ƙasar Sifen, ta sami shiga Olamfik na Beijing, inda ta riƙe tutar ƙasarta ranar buɗewa, ta kuma zo ta 16. Kafin ta yi ritaya a 2012, ta tara zinariya 13 a wasannin naƙasassu na duniya.

To, a cikin duk wannan, ta 16 ɗin nan ta fi burge mu. Ba a rage mata ko mita ɗaya ba, ba a kuwa ɗora ta a gaba don tausayi ba. An auna ta da mudun da aka auna kowa.

Nan ne maganar ta shafe mu. A garuruwanmu, yaron da shan inna ya taɓa, sau da yawa kwanon bara ake miƙa masa maimakon littafi, ko a ɓoye shi a ɗaka. Wanda ya yi sa'ar zuwa makaranta kuma sai a riƙa ce masa, "Zauna ka huta, ba za ka iya ba." Irin wannan tausayi ɗan'uwan raini ne. Mu tuna da Mefiboshet ɗan Yonatan, wanda ya gurgunce yana shekara 5. Sarki Dauda bai aika masa da sadaka daga nesa ba. Kiransa ya yi, ya mayar masa da gonakin kakansa Shawulu, ya ba shi wuri a teburinsa.

Don haka muna roƙonku, in za a kafa ƙungiyar mawaƙa, ko muhawara, ko wasan motsa jiki, ku sa ɗan'uwanku mai sanda a ciki. Ku ɗaukar masa bokiti in ya nema, amma kada ku yi masa aikin gida. Iyaye kuma, ku kawo mana su, aji yana da wurinsu. Ku kuma masu tafiya da sanda, za mu duba takardunku da jan biro ɗaya da na kowa, gama mun san za ku iya.

Allah Ya ba mu idon ganin baiwar da Ya ajiye a cikin kowane yaro. Amin.