Shekarar da ambaliyarmu ta yi tirendin

A Diffa, lakwal Faransanci take koyarwa, Ingilishi kuwa ta kasuwa ya shigo mana. A da, tattasan da ake nomawa a bakin Komadugu ƙetare yake tafiya, ta Damasak har Maiduguri, naira kuma ta fi sefa yawo a hannun mutane. Wanda ya kai kaya can ba ya rasa dawowa da 'yan kalmomi a baki.

A ƙarshen Nuwamban 2014, da 'yan Boko Haram suka faɗa wa Damasak, jama'a suka tsallako kogi, wasu a kwalekwale, wasu da iyo. Gidanmu ya sauki iyali guda. A bakin samarinsu na fara jin Hausar nan da ake barbaɗa wa Ingilishi, ba da daɗewa ba yaranmu suka ɗauka. Duk da haka, ranar 6 ga Fabrairun 2015 da aka kai hari Bosso da Diffa, labarin da baki ya yaɗu, sai rediyo. Da aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi, cewa kawai ake yi gari ya ɗauka.

Kalmar da ta tsaya mini a rai sai a Oktoban 2019 na ji ta, lokacin da Komadugu ta yi ambaliya. Muna jera buhunan yashi, ruwa iya gwiwa, wani ɗan maƙwabcinmu ya tsaya kan tudu yana ɗaukar mu da waya. Na ce ya ajiye ya kama buhu, ya yi kunnen ƙashi. Bayan isha'i sai ga shi da gudu: "Baba, mun yi tirendin!" Wani mushe, malamin lakwal, da ke zaune tare da mu ya gyara masa, wai a nan Nijar "buz" ake cewa. Suka yi ta musu, ga tabarmi na bushewa a kan katanga.

Ba zan ce abin bai yi rana ba. Kafin gari ya waye 'yan'uwa daga Yamai da Damagaram sun kira, wasu sun aiko da kuɗi. Sai dai a cikin bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da sunan Diffa har da wanda rufin gidajensa kaɗai ya isa ya nuna ba ƙasarmu ba ce, kuma shi aka fi turawa.

Da ruwa ya janye, gonakin tattasai sun ruɓe, manoma ga bashin taki da na man injin ban-ruwa a wuya. Wannan ko yaro ya sani a garin. Na ce wa yaron ya je ya ɗauko wannan ma, ya sa a wayar. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wa zai tsaya kallon gona?"