Na Je Neman Ninja a Birnin Himeji

Duk wanda ya yi tashen zuwa sinima a Kano cikin shekarun 1980 ya san yadda ninja suka shiga kanmu. Mukan fito daga El-Dorado ko Plaza da daddare, kowa ya naɗe fuska da riga sai idanu, ana tsalle-tsalle a kan kwata ana kiran sunan Sho Kosugi. Ni har marfin gwangwanin madara na taɓa yankewa na yi tauraron jifa, na ci duka a gida a kansa. Sai da na girma na san cewa Enter the Ninja (1981) da American Ninja (1985) kamfanin Amurka ne ya yi su, kuma a ƙasar Filifin aka ɗauke su. Amma yaron da ke cikina bai yarda da wannan bayani ba. Shi dai a wurinsa Japan ƙasar ninja ce.

Saboda haka da Allah ya kai ni Osaka a ƙarshen 2019 wajen ɗan yayata da ke karatu a can, ya tambaye ni, "Kawu, ina kake son in kai ka?" ban yi wata-wata ba na ce Himeji. Na san a fadar garin aka ɗauki makarantar ninja ta fim ɗin James Bond, You Only Live Twice, na 1967, lokacin Sean Connery. Na kuma san Akira Kurosawa ya yi aiki a wurin, a Kagemusha (1980) da Ran (1985). Wato ni lokeshin na je gani.

Tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa na talakawa. Kana fitowa daga tasha za ka hango ta a ƙarshen wani miƙaƙƙen titi, fara fat a kan tudu, rufinta hawa-hawa kamar tsuntsu ya buɗe fiffike. Su ma da sunan tsuntsu suke kiran ta, Shirasagi, wanda in a Hausa ne sai mu ce balbela. A bakin shiga muka tarar da masu yi wa baƙi jagora da Turanci, kyauta, aikin sa-kai. Wanda ya faɗo mana wani dattijo ne ɗan siriri mai hular hana-salla, ya ce shekararsa 80. Ni dai Baba na dinga ce masa, ɗan yayata ya fassara masa ma'anar, ya yi dariya ya rusuna.

Ko ƙofar farko ba mu wuce ba na saki baki. Na ce, "Baba, ina wurin da ninja suke atisaye?"

Ya dube ni irin kallon da malamin makarantar allo ke yi wa yaron da ya zo da allo a kife. Ya ce wannan tambayar ya saba jin ta. Ya ce a nan dai masu fim ne suka kawo ninja, kuma ana ba da labarin cewa da suka zo ɗaukar fim ɗin Bond sun ɓata wani bango da jife-jifensu, abin da ya ɓata wa mutanen gari rai ƙwarai. Ɗan yayata ya taka ni a ƙafa. Na yi shiru.

Daga nan ya fara nuna mana abin da ya kawo shi. Ginin da muke gani, in ji shi, wani basarake ne mai suna Ikeda Terumasa ya yi shi daga 1601 zuwa 1609, a kan tudun da tun ƙarni na 14 ake kafa sansanin yaƙi. Hanyar da za ta kai ka babbar hasumiya kuwa yaudara ce tsantsa. Kana ganin hasumiyar a gabanka, sai hanya ta juya da kai baya; ka ɗauka hawa kake, sai ka ga kana gangara. Ƙofofin suna ta ƙanƙancewa, wata ma sai ka sunkuya. An ce da ƙofa 84 ce, yanzu saura 21. A jikin katangu ga ƙananan kafofi, wata zagayayya, wata mai kusurwa uku, wata mai huɗu, na harbin bindiga da kibiya. A saman bango ga wuraren da ake buɗewa a sako wa maƙiyi duwatsu. Da ya gama lissafa duk wannan shirin kisa, sai ya ce, "Kuma ba a taɓa gwabza yaƙi a cikinta ba." Wallahi sai da na ji haushi. Darakta ya gina saiti na alfarma, ya ƙi ɗaukar faɗa!

Wurin da ya fi daɗewa da mu shi ne ɓangaren yamma, inda wata doguwar baranda ta katako take, ta fi mita 200, ɗakuna jere a gefenta na kuyangi. A nan ya ba mu labarin Gimbiya Sen, kuma ina roƙon marubutanmu na soyayya su karkaɗe kunne. Jikar Tokugawa Ieyasu ce, mutumin da ya kafa gidan da ya mulki Japan sama da shekara 250. An haife ta a 1597, aka aurar da ita a 1603, tana ƙaramar yarinya, ga Toyotomi Hideyori, magajin gidan da kakanta ke hamayya da shi. Auren siyasa ke nan. A 1615 rundunar kakanta da ubanta ta ci fadar Osaka, inda take zaune da mijin. Aka fito da ita daga cikin wuta, mijin da uwarsa suka kashe kansu. Shekara ta zagayo aka aurar da ita ga Honda Tadatoki, suka tare a Himeji a 1617. Ana cewa wannan auren kam ta so shi, kuma da dukiyar da ta zo da ita, garar aure in ji mu, aka gina mata ɗakin da ke ƙarshen barandar. Ta haifi mace da namiji. Namijin ya rasu yana ƙarami, a 1626 mijin ya bi shi. Ta koma Edo, wato Tokyo ta yanzu, ta yanke gashinta ta shiga zaman ibada irin na addininsu, ta rayu har 1666. Shekara 40 cif tana zaman takaba da ba ta ƙarewa.

Na tsaya a tagar ɗakin ina tunanin littattafan da na karanta na auren dole, waɗanda kusan duk sai marubuci ya tausaya ya haɗa masoya a littafi na uku. Ita wannan an haɗa ta da masoyin, aka ba ta shekara goma, aka karɓe. Ban san marubucin da zai yi wa jarumarsa haka masu karatu su bar shi lafiya ba.

Kusa da hasumiya Baba ya nuna mana wani farin dutse a cikin bango, an rufe shi da raga. Dutsen niƙa ne. Labarin da ake bayarwa shi ne, lokacin da Toyotomi Hideyoshi ke gini a nan duwatsu suka yi ƙaranci, sai wata tsohuwa ta kawo dutsen niƙanta, abin da take cin abinci da shi. Da mutane suka ji, kowa ya kawo nasa. Baba ya ce shi bai rantse a kan labarin ba, amma tabbas an sa har akwatunan gawa na dutse a cikin bangayen nan.

A gindin hasumiya ya ce gwiwarsa ta daina hawa, mu je mu dawo. Aka ba mu leda muka sa takalmanmu, muka shiga da safa. Daga waje hawa biyar take, a ciki kuwa shida ne, ban da na ƙarƙashi. Duhu, sanyi, ƙamshin tsohon katako, da wasu manyan ginshiƙai biyu na itace da suka riƙe ginin. Matakalar kamar tsani, babbar rigata ta zame mini jidali, sai da na naɗe ta a kafaɗa. A can ƙoli akwai ɗan wurin bautarsu, ga gari shimfiɗe a ƙasa: benaye na siminti, tituna a miƙe, babu tsohon gini sai jefi-jefi. Na yi mamaki. Tsohuwar fada a tsakiyar sabon gari.

Da muka sauko na tambaye shi dalili. Muna tsaye ne kusa da rijiyar Okiku, baiwar da tatsuniyarsu ta ce an yi wa sharrin ɓatar da faranti ɗaya cikin goma aka jefa ta ciki, kullum dare ana jin ta tana ƙirga tara. Na zaci zai ci gaba da labarin fatalwa. Sai ya cire hula. Ya ce a daren 3 ga Yuli, 1945, jiragen Amurka suka yi wa Himeji ruwan bama-baman wuta. Shekararsa shida. Uwarsa ta goya ƙanwarsa, ta ja shi a hannu suka yi wajen gari. A lokacin an lulluɓe hasumiyar da baƙar raga don kada jirage su hango farinta. Da gari ya waye unguwarsu ta zama toka, amma da hayaƙi ya yaye sai ga fada a tsaye. Ya ce uwarsa ba ta yi kuka a kan gidansu ba, sai da ta ga fadar. Wata ɗaya bayan haka aka jefa bam a Hiroshima.

Na tuna tambayata ta ninja, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ci gaba kamar ba komai. Ya ce daga 1956 zuwa 1964 an kwance babbar hasumiyar an sake ɗaura ta, aka canza ɗaya daga cikin ginshiƙan. A 1993 ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ba ta kayar da ita ba. Daga 2009 zuwa 2015 aka sake mata rufi da farin yaɓe. Ya ce yaɓen nan ruwa da iska suna cin sa, dole a riƙa sabuntawa, dole kuma kowane zamani a sami yaran da suka koyi aikin.

Sannan ya juyo ya ce, "Kai fa, garinku akwai irin wannan?"

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara 900 ke nan, ta girmi wannan fadar nesa ba kusa ba. Na kawo Gidan Rumfa, na kawo Dala, na lissafa masa ƙofofi. Ya yi ta gyaɗa kai cikin jin daɗi. Ya ce, "Da ƙasa aka gina? To wa yake yi mata yaɓe bayan damina?"

Na ce akwai masu yi. Ɗan yayata ya dubi rijiya.

Abin da ban gaya wa Baba ba shi ne, ɗakin da na yi samartaka a ciki, wanda na lilliƙa wa hotunan Sho Kosugi da Amitabh a bango, da ƙasar badala aka gina shi. Ni da yayyena muka yi ta jidar ta a jaki bayan sallar asuba, muka kwaɓa muka yi tubali. Ba a ɓoye muka yi ba, duk unguwa haka ake yi, ba wanda ya ce mana kanzil. Mahaifiyar yaron nan da ke tsaye kusa da ni ita ke kawo mana koko a wurin.

Da za mu rabu na dunƙule kuɗi zan ba shi, ya ja da baya yana kaɗa hannu, ya ce ba a yi. Abin da ya roƙa ɗaya ne: in na koma gida in aiko masa da hoton ganuwar ta hannun ɗan yayata, yana so ya nuna wa abokan aikinsa. Na ce in sha Allahu.

Na dawo, na fita da yamma ta wajen Ƙofar Dukawuya inda ganuwar ta fi nuna kanta. Na ɗauki hoto ya fi ashirin, ina karkata waya ta nan ta can don in kauce wa shara da wuraren da suka zaizaye. Na sami guda ɗaya mai kyau, rana tana faɗuwa a bayan ginin, ya yi ja kamar a fim. Ɗan yayata ya tuna mini sau biyu kafin ya gama karatu ya dawo. Hoton yana nan a wayata, ban tura ba.