A Ƙafa Ake Gane Shekarun Gado

A Ƙaura Namoda, dattijuwar da ta aurar da 'ya'ya da jikoki ba ta bukatar a gaya mata lokacin da aka yi wani aure. Ɗakin kawai za ta leƙa. In ta ga gadon ƙarfe mai rumfa, da kwalla da tasoshi jere har kusa da rufi, ta san auren ya girmi jihar Zamfara nesa ba kusa ba. In gadon fomeka ne mai madubi da 'yan durowoyi ta wajen kai, sai ta ce zamanin Shagari ne ko bayansa kaɗan. In kuwa ƙaton nan ne mai sassaƙen furanni da ruwan zinariya, wanda ake cewa na Turkiyya ko da a Kano aka haɗa shi, to amaryar ba ta daɗe da tarewa ba. Wannan ilimi ne sosai, sai dai ba a raɗa masa suna ba, ba a kuma rubuta shi ba.

Turawan Ingila sun raɗa wa nasu suna, har sun yi masa kasuwa. Da sarakunansu suke lissafin kayan ɗaki: na zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, da na ɗanta Edward, daga 1901 zuwa 1910, wanda a kwanakinsa ne sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato. Abin mamaki, ɗaya daga cikin wuraren da kayan wancan zamani suka fi tsira shi ne mashaya. A jihar da shari'a ta haramta sayar da giya tun shekarar 2000, ambaton wurin ma na iya sa a ɗaure fuska, amma abin da ake zama a kai ne abin dubawa a nan, ba abin da ake sha ba. A shekarun 1890 kamfanonin giya suka yi gasar ƙawata mashayunsu da kanta ta jan katako mai sassaƙa, da gilashi mai zane, da farantan jan ƙarfe. Mashayar Philharmonic da ke Libaful, garin kamfanin John Holt, an gina ta tsakanin 1898 da 1900, kuma har yau masu yawon buɗe ido na shiga don kallon adonta kawai.

Daga cikin kayan irin waɗannan wurare babu wanda ya kai teburin Britannia suna. Ɗan tebur ne mai zagayayyen kai da ƙafafu uku na zubabben ƙarfe, a kan kowace ƙafa akwai siffar macen nan mai garkuwa wadda Ingilishi suka mayar alamar ƙasarsu, suka kuma sa ta a kan kwabonsu (namu na nan na da mai huda ne da tauraro). An yi shi da nauyi da gangan, domin kada wanda ya sha ya yi tatul ya kifar da shi. Sai kujerar Windsor, wadda aka fi yi a garin High Wycombe: mazauninta gungumen katako ne guda, aka huda shi aka cusa ƙafafu ta ƙasa da sandunan jingina ta sama. Dillalin da ya san aikinsa ba ya tsayawa kallon sheƙi. Kifar da teburin yake yi ya nemi hatimi. Daga 1842 zuwa 1883, duk fasalin da aka yi wa rajista a Ingila ana buga masa alama mai kusurwa huɗu wadda ke nuna rana da wata da shekara; daga 1884 aka koma lamba. Na jabu suna da yawa, domin ana ɗaukar tsohon tebur a zuba sabo a kan siffarsa, amma fuskar macen takan fito a dusashe, kamar takardar da aka yi ta maimaita kwafinta.

Jan katakon da ake tinƙaho da shi kuwa yana da dangi a Zamfara. Da itacen mahogani na Kuba da Honduras ya yi ƙaranci, sai 'yan kasuwar Libaful da Landan suka juyo Afirka ta Yamma, suna lodin gungume daga Legas da Sapele da gaɓar Gana. Itacen da suka samu ɗan gida ɗaya ne da maɗaci, wanda ake jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki, wanda kuma Turawan mulki suka shuka a gefen titunan bariki a garuruwan Arewa da dama.

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura, ya tsaya. Nan ne ƙarshensa. Gyaɗa da auduga da fatu daga Zurmi da Shinkafi suka riƙa gangarowa tasha a kan jakuna da raƙuma, kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna a garuruwan da ke kan layin. Jirgin da ya kwashi gyaɗa ba ya dawowa wayam. Ya kawo atamfa da kananzir da kwano, ya kawo sikeli da akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi, ya kuma kawo gadon ƙarfe, wanda asalin fasalinsa daga masana'antun Birmingham ne, yankin da aka zuba da yawa daga teburan mashayun can. Kamfanin Vono ma, wanda sunansa ya zama sunan gado a Nijeriya, daga Tipton yake, kusa da Birmingham. Bahaushiya ta karɓi gadon ta mai da shi nata: aka ɗaga ƙafafunsa a kan gwangwani ko bulo, aka jibga katifu har sai an taka kujera kafin a hau, aka rataya labule a rumfar. Daga baya masu walda na gida suka ƙware, suka riƙa yin nasu da ƙarin lanƙwasa da fenti mai haske.

Saboda haka ba kowane tsohon gado ne ya hawo jirgi ba, kuma ana iya bambancewa. A fara da ƙafa, domin ita ce ba ta ƙarya: shekaru na shara da yayyafi suna cinye ta ta hanyar da fenti ba ya iya ɓoyewa. A duba mahaɗa. Gadon kamfani na da yana da zubabbun kusurwoyi da ake zura ƙarfen gefe a ciki ba tare da noti ba. Na mai walda yana da tabon wuta. A kanga maganaɗisu a kan ƙwallayen da ke saman sanduna: in ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, in ya ƙi, tagullar gaske ce. A kayan katako kuma, sukuru mai kan gicciye bai yaɗu ba sai bayan shekarun 1930, don haka kujerar da aka ce ta ga zuwan Nasara amma duk jikinta irinsa ne, ko dai an gyara ta ko an yi ƙarin gishiri. A zaro durowa a dubi haƙoran da suka haɗa gabanta da gefenta: na hannu ba sa zama daidai wa daida, na inji kuwa kamar an auna da ma'auni.

Gara da hunturu sun riga sun ci mafi yawan na katako. Na ƙarfe kuma 'yan gwangwan ne ke bin su gida gida, suna saye da kilo, a kai kamfani a narke a yi rodi. Rashin tsaro ya ƙara wa abin sauri. Iyalin da suka gudo daga ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi da dare suna ɗaukar yara da tabarma da tukunya; gado mai rumfa ba ya hawa babur. Wanda ya samu ya fito da shi yakan sayar don awo, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi.

Duk da haka asarar ta fi ta ƙarfe. Tarihin maza na wannan yanki yana cikin jerin sarakunan Zurmi da labarin Namoda da yaƙe-yaƙensa. Macen da aka aurar a shekarar da aka samu 'yancin kai ba ta da takardar haihuwa, ba ta da hoton biki. Kayan ɗakinta, waɗanda al'ada ta ce mallakarta ne ita kaɗai, su ne shaidar abin da ubanta ya noma da abin da uwarta ta tara da adashi da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ƙaura na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, cike da ɗalibai masu waya a hannu. Hoto uku ya isa kowane gado: gaba ɗayansa, da mahaɗarsa, da duk wani hatimi da ke ƙarƙashi. Sai a tambayi mai shi wa ya saya, a wace kasuwa, da kuɗin buhu nawa na gyaɗa.