Karatun Ido da Hannu

Mu da muka tashi a cikin birnin Zariya a farkon shekarun 1970, ba a saya mana abin wasa, mu ma ba mu san ana saye ba. Da kaka ta yi, aka girbe dawa, kara ya cika unguwa, sai kowane yaro ya koma maƙerin mota. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: busasshen kara, tsohuwar reza, ƙayar aduwa a madadin ƙusa, sai sakaina ko tsinkakken silifa da za a yanka taya. A ɓare bawon karan a tsaga shi siri-siri, a yanka farin cikin nan mai laushi gunduwa-gunduwa, a yi ta soka wannan cikin wancan har mota ta tashi.

Wanda bai taɓa yi ba zai zaci aikin yatsu ne kawai. Rabin aikin a tasha ake yin sa. Mukan je mu tsuguna gefen wata Bedford ko Marsandi mai bodin katako, mu yi ta leƙen ƙarƙashinta har karen mota ya koro mu. Ta yaya tayoyin gaba ke karkata idan an murɗa sitiyari, na baya kuwa suna nan sambal? Me ya sa na baya bibbiyu ne? Sau nawa bodin ya ninka kan motar a tsawo? Da taki muke aunawa, a sace, in direba ya tafi cin abinci. Sannan ka dawo gida, ba mota a gabanka sai wadda ka ɗauko a ka. Dole ka juya ta a zuci, ka dube ta ta gaba, ka kife ta ka ga cikinta, tun kafin ka sa reza a jikin kara.

Akwai kuma sanin abin da za a bari. Yaron da ya nace sai ya sa komai, har ƙusoshin taya, motarsa takan fito a cunkushe, ba ta yi kama da komai ba. Gwanin unguwarmu, wani ɗan maƙwabta da ya ɗan girme ni, ba ya tara tarkace. Hancin motar kawai zai lanƙwasa yadda ya kamata, ya ɗan ɗaga bodin ta baya, sai ka ji dattawa a bakin masallaci suna cewa, “Kai, wannan ai Bedford ce!” Ya gane abin da ya sa ido ke shaida Bedford daga nesa, ya zubar da sauran. Na daɗe ina koyarwa kafin in haɗu da ɗalibin da ya kamo ƙafarsa a wannan.

Da muka gama aji uku a sakandare aka raba mu gida biyu. Masu ƙoƙari a lissafi aka tura su ajin kimiyya, saura aka ce su je su yi adabi da tarihi, kuma kowa ya san ɓangaren da ake yi wa kallon masu ƙwaƙwalwa. Ni na faɗa kimiyya. Daga ranar aka ɗauke mana darasin zane, wai mun wuce nan, muka sa hadda a gaba.

Allah ya haɗa mu da wani malamin kemistiri Ba’indiye, cikin waɗanda suka cika makarantun Arewa a lokacin. Ranar da zai koya mana yadda ƙwayar kabon ke riƙe abokanta huɗu, bai taɓa alli ba. Ya aiki yara biyu suka ɗebo yumɓu, muka mulmula ƙwallaye, muka kakkarya tsinken tsintsiya. Ya ce kowa ya soka tsinke huɗu a jikin ƙwallo ɗaya, yadda kowane tsinke zai nisanci ’yan’uwansa iyakar nisa. Gwanayen hadda suka shimfiɗa nasu a kwance kan tebur, gicciye, yadda aka buga a littafi. Mu ’yan motar kara hannunmu ya ƙi yarda da haka. Uku suka zauna a ƙasa kamar duwatsun murhu, na huɗun ya miƙe sama. Malam ya zaga aji bai ce uffan ba, ya ɗauki na wani daga bencin baya ya ɗaga sama, ya ce a kalla. Yaron nan ko na goma bai taɓa zuwa ba a jarrabawa.

Sai da na fara koyar da darasin da kaina na bi sawun labarin. Wannan siffa da muka haɗa da yumɓu, wani saurayi ɗan ƙasar Holan mai suna van ’t Hoff ne ya kawo ta a 1874, yana da shekara 22. Da kwali ya yanka samfura ya aika wa manyan masana, domin su riƙe a hannu su jujjuya. Wani babban farfesa a Jamus, Hermann Kolbe, ya yi masa tatas a rubuce a 1877, yana ganin tatsuniya ce. Saurayin nan shi ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901, ko da yake kan wani aikin daban. Kafin shi, a 1848, Louis Pasteur a Faransa ya ƙura wa ƙwayoyin wani gishiri ido ta madubin ƙara girma, ya lura wasu suna da ɗan sassaƙe ta dama, wasu ta hagu, ya zauna da matsefata ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Manya sun duba gishirin nan kafin shi ba su ga bambancin ba. Shi kuwa tun yana yaro yake zana fuskokin iyayensa da maƙwabta a garinsu Arbois, kuma mai zanen fuska ya saba da neman ɗan abin da ya raba ido da ido.

Labarin da ɗalibai suka fi so shi ne na August Kekulé, wanda ya ce a 1865 ƙwayoyin kabon shida na sinadarin benzin zobe suka yi. A wani biki da aka shirya masa a Balin a 1890 ya ba da labarin yana gyangyaɗi a bakin wuta ya ga maciji ya kama wutsiyarsa. Ni a ganina an cika yayata macijin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Kekulé ya shiga jami’ar Giessen ne don karatun zanen gine-gine, laccocin Justus von Liebig suka janye shi zuwa kemistiri. Mutumin da aka horar ya ga gini a kai tun ba a haƙa harsashi ba, ko ya yi mafarki, mafarkin magini zai yi.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce Dorothy Hodgkin. A Alƙahira aka haife ta a 1910, iyayenta suka yi aiki a Sudan. A 1928, kafin ta shiga Oxford, ta bi su Jarash a ƙasar Jodan inda ake tonon tsoffin majami’u, aka ba ta aikin kwafe adon daɓen da aka jera da ’yan ƙananan duwatsu masu launi. Ta yi fiye da shekara tana ƙarasa zanen. Aikin da ta yi duk rayuwarta bayan nan bai yi nisa da wannan ba: a haska eksire ta cikin ƙwayar sinadari, ɗige-ɗige su fito a faranti, ita kuma ta gano tsarin da ya haife su. Haka ta warware siffar fenisilin a 1945, daga baya ta bitamin B12, sannan insulin a 1969. Tana Gana wurin mijinta Thomas Hodgkin, wanda masu karatun tarihin Nijeriya suka sani da littafinsa na 1960, labarin Nobel ya same ta a 1964.

Ba a tasha kaɗai aka horar da mu ba, akwai zauren Baba. Shi malamin zaure ne, kuma ba ya jin waƙa sai yatsansa na bugun gwiwa. In makaho ya tsaya ƙofar gida yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi ma makaho ne mutumin Zariya, Baba yakan bi shi da yatsa, in mai rerawar ya haɗiye gaɓa ɗaya sai ka ga yatsan ya tsaya cak. Wurinsa na fara jin sunan Halilu ɗan Ahmadu na Basra, wanda a ƙarni na 8 ya saurari waƙoƙin Larabawa ya fitar da ma’auninsu guda 15, aka ƙara na 16 bayansa. Ana cewa bugun gudumar maƙeran tagulla a kasuwa ne ya buɗe masa kunne. Ko ma dai yaya aka yi, mutumin nan da ya auna waƙa shi ne ya zauna ya lissafa kalmomi nawa za a iya haɗawa daga haruffan Larabci, bibbiyu, uku-uku, har biyar-biyar, ya ware waɗanda ake amfani da su ya tsara ƙamus. Da a ajinmu yake, ban ga gidan da za a tura shi ba.

Ran da muka ishi Baba da surutu yakan zana gida tara a ƙasa, ya ce a zuba 1 zuwa 9 yadda ko ta ina aka tara za a sami 15. Mukan yini muna sharewa da tafin hannu. Wanda ya fara gane cewa 5 ba ta da mazauni sai tsakiya, ya gama rabin aiki. A wurinmu wasa ne. Daga baya na san cewa wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje na lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Sai Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, mai zanen riga. Shi ke zana aska biyu da aska takwas da tawada a jikin yadi kafin masu ɗinki su karɓa. Zare da farcensa su ne ma’auninsa. Wani lokaci attajiri zai kawo yadi ya ce yana son abin da ba a taɓa gani a wuyan kowa ba. Kawu zai shimfiɗa yadin, ya yi ta gwaji da tsinke a ƙasa tun hantsi har la’asar, ya share, ya sake. Can sai ya ninke yadin ya tura ƙarƙashin buzu, ya tafi kallon masu dara.

“Kawu, ba ka gama ba za ka tashi?”

“Ɗana, bari ta kwana. Ba ta nuna ba.”

Lalaci na ɗauka a lokacin, har Inna ma takan yi masa tsiya. Amma Henri Poincaré, babban masanin lissafin Faransa, ya bayyana irin wannan a wata lacca a 1908. Ya yi kwanaki yana fama da wata matsala, ya bar ta ya bi ayarin masu nazarin duwatsu, suna garin Coutances yana sa ƙafa zai hau keken doki na haya amsar ta faɗo masa. Ya ja kunne cewa hakan ba ya faruwa sai an riga an sha wahalar aikin ido biyu, kuma abin da ya faɗo sai an koma an tantance shi, don wani sa’in ƙarya ce. Wannan jan kunnen nakan nanata wa ɗalibaina, saboda akwai masu jin rabin labarin su tafi su kwanta.

Kawu bayan sallar asuba yakan jawo yadin, ya tsoma alƙalami, kafin a sauke koko ya zagaye wuya da aljihu bai ɗaga kai ba. Wani lokaci kuma riga ta yi kwana da kwanaki ba abin da ya zo. Sai ya zana tsohon samfurin da ya gada wurin maigidansa, ya ɗan ƙara tsawon aska ɗaya, mai riga ya zo ya biya, ya tafi yana sa albarka.