Kunkurun Babana da Ma'aunin Zafi

A gidanmu na Ibohamane akwai wani tsoho wanda ba ya magana. Kunkuru ne. Babana ya samo shi a shekarar 1984, shekarar fari da yunwa. Wani makiyayi ne ya zo da shi daga arewa, yana neman abin da zai ci. Baba ya ba shi tiya guda ta hatsi, shi kuma ya bar mana kunkuru. A lokacin bai fi tafin hannu ba. Ni ma ina yaro ƙarami. Tare muka girma. Yau sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga shi.

A shekarun nan ne Furojen Keita ya fara aiki. Inna tana fita ɗaukar duwatsu tare da matan gari, ana yi wa ruwa shinge a kan tudu, ana dasa itatuwa. Idan ta dawo da marece, takan riƙo ƴar ciyawa a bakin zane ta jefa wa kunkuru. Baba kuwa yakan ce gidan da ke da kunkuru ba ya watsewa. Haka tsofaffi ke faɗi. Ni dai da Baba ya zo rasuwa, bayan ya yi mini maganar gona da ta ƙannena, sai ya ce: "Ka kula da tsohon nan." Na ce to.

Irin wannan kunkuru ɗan ƙasarmu ne. Ana samun shi a gefen hamada, tun daga Senegal har Itopiya. Duk cikin kunkuran tudu na duniya, shi ne na uku a girma. Biyun da suka fi shi a tsibirai suke zaune, can cikin teku. Yana da ƙaimi a cinyoyinsa na baya kamar na zakara. Yakan yi shekara 70, har ya wuce. Abincinsa ciyawa ne, ɗanya da busassa.

Amma yana da hali guda mai ban haushi. Gina rami. An ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. To, wannan ko bai da yatsa, yana da ƙafafun gaba kamar kwasa. Ya gina a gindin darni. Ya gina a bayan ɗaki. Wata shekara ya gina ƙarƙashin rumbu har rumbun ya karkace. Uwargida ta gaji. Kullum sai ta ce: "Malam, dabbag ga za ta kashe muna gida. Ko ka san yadda za ka yi da ita, ko ka bai wa wani."

A farkon 2022 ƙanena da ke ci-rani a Abijan ya aiko da kuɗi. Muka sayi siminti. Na toshe ramin, na shafe wani gefe na tsakar gida, na kewaye shi da bulo. Na ɗora falle guda na kwano a sama don inuwa. Na sa kunkuru a ciki. Wuri ya yi tsab. Maƙwabta suna zuwa kallo, suna cewa Malam ya gina wa kunkuru bariki. Ni kuma ina jin daɗi. Ban san kurkuku na gina ba.

Azumin shekarar a watan Afrilu ya faɗo, tsakiyar bazara. Kun san zafin Adar a wannan lokaci. Wata rana bayan azahar ina kwance a zaure, sai ɗiyata ta shigo da gudu.

"Baba, Baba, kunkuru na ta kumfa!"

Na tashi ko takalmi ban sa ba. Na iske shi a ƙuryar bango. Ya miƙe wuya, baki buɗe, kumfa tana zuba. Ƙafafunsa na gaba sun kurje don tonon siminti. Na taɓa bayansa, sai na janye hannu, kamar murfin tukunya. Muka ciccibe shi ni da ɗan maƙwabci zuwa gindin bedi. Na so in kwara masa ruwan randa gaba ɗaya. Allah ya sa wani tsohon makiyayi yana kusa, ya ce a'a, a bi shi sannu. Muka riƙa yayyafa masa ruwa kaɗan-kaɗan, muka jiƙa ƙasar da yake kwance. Sai wajen la'asar sakaliya ya mayar da kai ciki. Kwana huɗu bai ci komai ba.

Daren nan ban yi barci ba. Maganar Baba ce ke yawo a kaina.

Akwai ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Tawa. Da ya zo hutun salla na ba shi labari. Ya ce: "Kawu, kai da kunkuru ba jini ɗaya gare ku ba." Na ce ai na sani. Ya yi dariya, ya yi mini bayani. Jikin mutum yana riƙe zafinsa da kansa, wajen digiri 37, ko da ɗari ko da bazara. Idan zafi ya yi yawa sai mu yi gumi. Kunkuru ba ya gumi. Shi da ƙadangare da damo da maciji da kada, duk zafin jikinsu daga waje yake zuwa. Shi ya sa kuke ganin ƙadangare da safe ya hau bango yana shan hantsi, da rana ta take kuma ya ɓuya. Dabbar da kanta take neman wurin da ya dace da ita. Idan ka tsare ta wuri guda mai zafi, ka rufe mata hanyar tsira. Kumfar da na gani, ƙoƙarin ƙarshe ne na sanyaya jiki.

Ramin nan da nake jin haushi, ashe shi ne ɗakinsa, shi ne randarsa. A daji kunkuru yana gina rami mai tsawo, gaba da yawa. A can ciki yake wuni. Yana fitowa da sassafe da kuma marece. Idan rani ya tsananta, yakan yi makonni a ciki bai leƙo ba.

Yaron ya kawo mini wani ɗan abu daga Tawa, daga shagon masu sayar da kayan kiwon kaji. Masu ƙyanƙyasar ƙwai da inji ne ke amfani da shi. Bai kai girman salula ba. Yana aiki da ƙaramin batir. Yana da fuska kamar ta agogon hannu, da lamba biyu. Ta sama tana nuna zafi. Ta ƙasa tana nuna laima, wato yawan ruwan da ke cikin iska. Kusa da ita akwai wata alama, ƴan ƙwallaye biyu da sanda a tsakani: %. Ma'anarta "cikin ɗari". Idan lambar ta yi ƙasa, iska ta bushe, irin wadda ke fasa leɓe da kaushi. Idan ta hau 70 ko 80, irin iskar watan Agusta ce, wadda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano. Akwai kuma doguwar waya da ɗan kai a ƙarshenta. Inda ka sa kan, zafin wurin zai auna.

Ranar farko na sha kunya. Na kunna, sai na ga 109. Na ce inna lillahi, ai ruwa ma a 100 yake tafasa! Ashe akwai ɗan maɓalli a baya. Harafin F awon mutanen Amurka ne. Namu shi ne C. Da na danna, 109 ya koma 43. Ku lura da wannan idan kun sami irinsa.

Na ɗauki kaye, na ja layi uku: safe, azahar, dare. Ga abin da na gani a watan Mayu, da ƙarfe biyu na rana. A gindin bedi 43. A ƙarƙashin kwanon da na ce inuwa ce, 49. A kan siminti inda rana ke duka, ma'aunin ya kasa, lamba ta ɓace. Laima kuwa 14 cikin ɗari. Sai na je bayan gari, wani tsohon ramin dabba a gefen ƙorama, na zura wayar iyakar tsawonta. Na jira. 32. Na sake dubawa, 32 dai. Tsakanin sama da ƙasa, gaba guda kawai, amma kamar gari biyu ne.

Washegari na ɗauki diga na fasa simintin. Uwargida tana tsaye tana kallo. Ta ce: "Kuɗin ƙanenka ne hwa kake farfasawa." Na ce na sani. Ban ƙara komai ba, don gaskiya ta faɗa.

Amma ita ma tana da hujja, rumbu ba abin wasa ba ne. Sai muka raba gardama. Na zaɓi wuri nesa da rumbu da bangon ɗaki, inda bedi ke ba da inuwa da rana, hantsi kuma yana shiga da safe. Na fara masa ramin da kaina, na karkata shi, na sa itace da zana a baki, na bi da ƙasa mai kauri a sama. Na ɗaga bakin kaɗan don kada ruwan damina ya kwarara ciki. A gefen da ke duban rumbu na binne duwatsu, abin da ba mu rasa ba a ƙasar nan. Kwana biyu yana shinshina wurin. A na uku muka ga ƙasa tana tashi.

Na kai ma'aunin ajinmu na yaƙi da jahilci. A lokacin muna kan lambobi daga 10 zuwa 100, kuma mutane sun fara gajiya da su. Da na ajiye abin a kan tebur, aji ya farka. Kowa yana so ya karanta. Wani ya sa kan wayar a hammata. Wani ya hura masa numfashi, lambar laima ta hau, aka yi ta dariya. Wani dattijo da ya yi wata uku yana rikita 34 da 43, a ranar ya rabu da su. Ya ce: "Malam, yanzu na gane. Guda ana iya barci, guda ba a iyawa." Daga nan muka riƙa yin juyi. Kowane mako mutum biyu ke zuwa gidana su duba, su rubuta a kaye da hannunsu.

Wata mata a aji ta ce ita ma tana da ƴan ƙanana biyu a cikin tsohon baho, amma bayansu ya yi tudu-tudu kamar duwatsun Adar. Ta tambaya ko ciwo ne. Na kai tambayar ga ɗan yayata. Ya ce an taɓa bincika wannan. A 2003 wasu likitocin dabbobi biyu a birnin Biyana na ƙasar Otiriya sun fitar da sakamakon aikinsu. Sun reni ƴan kunkuru 50 irin namu har wata 5, wasu a busasshiyar iska, wasu a mai laima. Waɗanda suka tashi a busasshiyar iska su ne bayansu ya fi yin tudu. Abinci ma yana da nasa hannu, amma laima ta fi. A daji ƙananan suna ɓuya cikin rami da gindin ciyawa, inda akwai danshi. Baho ba shi da ko ɗaya. Tudun da ya riga ya fito ba ya komawa, sai dai a gyara wa sabon girma. Matar ta mayar da su ƙasa, ta kife musu fasasshiyar tukunya, tana jiƙa ƙarƙashinta.

Abin mamaki, yau wannan dabba tamu ta cika gidaje a Amurka da Turai. A can ake hayayyafa ta. Suna saya mata fitila mai zafi da injin feshin ruwa, suna duba lambobi safe da marece, duk don su kwaikwayi abin da muke da shi kyauta. A nan gida kuwa tana ƙarewa. Dabbobi sun cinye ciyawa, daji ya zama gona, mutane suna kamawa suna sayarwa. Tun shekarar 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don ciniki. A 2021 ƙungiyar duniya mai lissafin namun daji ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗarin ƙarewa. Nijar ma tana da dokar farauta da kare namun daji ta 1998. Don haka ban ce kowa ya je ya nemo kunkuru ba. Wanda ya gani a daji ya bar shi inda yake. Magana ta ga wanda ya riga ya gada ne, kamar ni, kuma ya kamata ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Da ɗari ya zo sai lissafi ya juya. A watan Janairu da asuba na ga 13 a tsakar gida, cikin rami kuwa 23. Ba ya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi. Ya zauna a rana kamar tsoho a bakin masallaci, jikinsa ya yi ɗumi, sannan ya nemi abinci. Idan dare zai yi sanyi sosai nakan rufe bakin ramin da tsohon buhu.

Da bazara kuma, kowane kwana uku nakan zuba bokiti guda a bakin ramin, in duba lambar ƙasa. Idan ta kai wajen 50 a ciki sai in bari. Ba caɓi ake so ba, danshi ake so. Na binne masa faifan tasa mai faɗi, marar zurfi, yana shiga ya jiƙa ƙasansa ya sha. Na hana yara ba shi sauran tuwo. Na kuma hana su kife shi a bayansa, don idan ya kife a rana bai samu mai juya shi ba, mutuwa zai yi. Wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, saboda kashinsa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar zawo.

Yanzu kaye na uku muke ciki. Rubutun shafukan farko a karkace yake, wasu lambobin sun juya baya. Makon jiya na dawo daga Keita da marece, na iske uwargida a durƙushe bakin ramin, ma'auni a hannunta. Ba ta taɓa zama ajina ba, ta ce ba ta da lokaci.

Ta ce: "Malam, wagga ta ƙasa, uku da biyar, mi ke nan?"

Na ce: "Talatin da biyar."

Ta ce: "To ya bushe. Miƙo man bokitin can."