Ranar da Jaridar Bango Ta Kusa Kai Ni Kotu

Sa'ad da na karɓi ragamar kulob ɗin 'yan jarida na makarantarmu a ƙasar Bagudo, zatona aikina bai wuce gyaran nahawu ba. Jaridar tamu kwali ce da yara ke rubutawa da hannu, mu manna a allon sanarwa kowace Litinin. Wa zai ce kwali na iya jawo sammaci?

A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, harkar shinkafa ta koma ta dare tsakanin Segbana ta ƙasar Benin da Tsamiya. Wani ɗalibina mai kaifin alƙalami ya rubuto labarin 'yan fasa-ƙwauri, har ya ambaci sunan wani ɗan kasuwa, ya ce shi ke toshe bakin jami'ai. Daɗin Hausar yaron ya ɗauke mini hankali, na gyara waƙafi da aya, na sa hannu. Ban tambaye shi inda ya samo ba.

Ashe ɗan mutumin yana aji biyu. Kafin azahar sai ga uban a ofishin shugaban makaranta, yana rantsuwa sai mun haɗu a gaban alƙali. Da na tsare marubucin, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a bakin 'yan kabu-kabu na ji."

Daren nan na nemi wani abokina lauya. Ya karanto mini sashe na 391 da na 392 na dokar Final Kod ta 1960 da jihohin Arewa suka gada: ɓata suna laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko tara, ko duka. Wanda ya wallafa ma yana ciki, ba marubuci kaɗai ba. Gaskiya tana kare mutum in faɗinta na da amfani ga jama'a, amma sai ya tabbatar da ita, kuma "an ce" ba shaida ba ce. Na tuna Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, waɗanda Doka ta 4 ta ɗaure shekara guda a 1984. Su tarihi ya wanke su, domin dokar ce azzaluma. Ni fa, da me zan kare kaina?

Dattawan gari suka shiga tsakani. Muka je har gida muka ba da haƙuri, muka manna neman afuwa a daidai inda labarin ya tsaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron nan ɗan aji biyu, wanda ya yi mako bai zo makaranta ba saboda gorin abokai.

Tun daga ranar, labari ba ya hawa allo sai ya amsa tambaya uku: wa ya gani da idonsa, ina shaida, kuma an ji ta bakin wanda ake zargi?

'Yan'uwa marubuta, magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Allah Ya tsare mana alƙalumanmu, amin.