Wasiƙa daga Berlin: Kuɗin Gora

Yaya,

Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ka tambaye ni abin da ya fi ɗaure mini kai a Jamus, na san kana jiran in ce sanyi. Shara ce, Yaya.

A tsakar gidan da nake haya akwai mazubai huɗu: shuɗi na takarda, rawaya na roba da gwangwani, mai ruwan ƙasa na ɓawon dankali da ragowar abinci, sai mai ruwan toka na sauran tarkace. Makon farko na ɗaure komai a leda guda na antaya cikin shuɗin. Da yamma sai ga wata tsohuwa maƙwabciya a ƙofata, riƙe da ledar, ta gano ni ta ambulan mai sunana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in aka cakuɗa, masu kwasa suna iya barin mazubin, ƙarin kuɗin kuma a kan dukan 'yan haya za a raba shi. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Daga ranar na daina zaton cewa tsabtar nan a jininsu take. Akwai masu yi don kishin muhalli, ban musa ba, amma idon maƙwabci da aljihu sun fi aiki. Tun 2003 doka ta ɗora kuɗin ajiya a kan gorar roba da gwangwanin lemo, yanzu santi 25 kowanne, suna kiransa Pfand. Ka sha ruwanka, ka kai gorar kanti, ka zura ta cikin wata na'ura, ta jujjuya ta, ta haɗiye, ta miƙo maka rasit. Gora huɗu, Yuro ɗaya. Wa zai yar?

Wanda ma ya ƙi kaiwa ba ya jefa ta a mazubi. A gefe yake ajiyewa, don kada mai tsinta ya cusa hannu cikin ƙazanta. Masu tsintar kuwa har da tsofaffin da fansho bai ishe su ba, suna jan jaka a tashar jirgin ƙasa, ba mai yi musu kallon banza. Nan na tuna 'yan jari-bola da buhunansu, da yadda muke rufe ƙofa in mun hango su, alhali su ke rage mana tsibin bola. Mu ma ai ba ma yar da gora, zoɓo da kunun aya sun shaida. Ledar fiyawata ce ba ta da mai saye, ita ce kuwa ke toshe mana kwata duk damina.

Jiya na kai gora ashirin da biyu, na sayo burodi da madara da kuɗin. Ka gaya wa Inna, ita da ke faɗa in an jefar mata da gwangwanin madara, za ta ji daɗi.

A gaida su Anti da yara.

Ƙaninka